Minti Goman Antie Trooi

Ni na fara gani. Ba nas ɗin asibiti ba, ba fasto ba, balle ɗanta da ke can Cape Town yana ɗaura taye. Ni Faans Witbooi, da ban taɓa ɗora ɗuwawuna a bencin makaranta ba, ni na fara sanin Antie Trooi ta kama hanya, kuma ruwa ne ya gaya mini.

Talata ce, bakwai ta ɗan gota. Ina tsugune a bakin magudana ina ɗauraye kofin gahawata, sai na ji ruwa na tahowa. Ya zo a cike, da ganyaye a kansa, ya bugi ƙarfen ƙofar ruwana. Na dubi agogo, na jijjiga shi, na sake dubawa. Duk Talata, bakwai zuwa takwas na Trooi ne, takwas zuwa tara nawa. Haka rabon ruwan dutse yake a layinmu tun kafin a kafa fitilun titi: awarka ta yi ka juya ƙarfenka ruwa ya shiga lambunka, ta cika ka mayar ya wuce wa na ƙasa da kai. Shekara talatin da ɗaya muna katanga ɗaya da matar nan, kuma ba Talata guda da ta sakar mini ruwa takwas daidai. Kullum sai ta ci mini minti goma. In na yi magana ta ce, "Agogonka ne ke gudu, Faans. Na'a-na'ata ba ta ƙoshi ba." Sau uku ina kai ta gaban kwamitin ruwa, sau uku tana zuwa musu da biskit a faranti ni kuma in dawo da kunya.

To yau ga ruwanta a ƙofata, awa guda cur, kyauta. Na ajiye kofin, na tsallake katangar waya. Eh, tsallakewa na yi, ina da shekara saba'in da tara. Ku je ku tambayi samarin layin nan mutum nawa zai iya.

A ƙasan kicin na same ta zaune, ta jingina bayanta da murhu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ƙafafun sun kumbura kamar kwaɓin burodin da ya wuce lokaci. Leɓenta ya yi shuɗi-shuɗi.

"Wa ya ce ka shigo?" in ji ta. "Goge ƙafarka."

"Ruwanki na can yana dukan ƙofata."

"To ka ji daɗi, ɓarawo. Yau ka samu."

"Ni ne ɓarawon? Ni?"

"Ka zo ka ɗaga ni ko ka zo ka yi mini wa'azi?"

Na ɗaga ta. Ni da na yi shekara arba'in ina kayar da raguna ina aske su, ina saɓa buhun gashi a kafaɗa, tsohuwa ɗaya me ce? Sai dai na tsorata, don ba nauyin mutum na ji ba, nauyin ruwa na ji. Na zaunar da ita a kujera na ce bari in kira nas.

"Nas ba ta gudu," ta ce, tana jan numfashi da ƙyar. "Fara juya mini ruwana. Ka dawo ka ɗauko almakashi. Na'a-na'ar ta fara ɗaure kai, in ta yi fure an yi asara."

Duk wanda ya taɓa riƙe diga a maƙabartarmu ya san koriyar Antie Trooi. Giyar na'a-na'a ce, kore shar, mai zaƙi da sanyi, tana sauka a maƙogwaro kamar an buɗe taga a ƙirjinka. Ba ta sayarwa. Ba ta kai ta biki. Ita kanta ɗanɗanawa kawai take yi da bayan cokali. Ta masu haƙa kabari ce. Ƙasar yankinmu na Karoo kun san ta: ka haƙa zuwa ƙugu sai ka ci karo da farin dutse, diga ta riƙa tsalle tana dawo maka fuska. A daidai nan Trooi ke bayyana da kwandonta, kwalba da ƙaramin kofi guda. Kowane mai haƙa kofi ɗaya, ba ƙari, ko da kai ne dattijon coci. A sha, a tofa yawu a hannu, a fasa dutsen.

Tun shekarar ambaliya ta fara. Ni ruwan nan ya ɗauke ni daga bakin gada, ya kai ni har gonar wani Bature, na kama ƙarfen famfon iska na yini a sama kamar biri, ina kallon tumaki da ƙofofi da mutane suna wucewa ta ƙasana. Na sauko da ƙafata. Kwana biyu bayan nan ina cikin masu haƙa. Kabari goma sha tara muka haƙa cikin zafin Janairu, ga warin da ba zan kwatanta muku ba, maza na amai a bakin rami. Sai ga wata matar aure 'yar siririya da kwalbar barasa da ta cusa wa ganyen na'a-na'a, ta ce mu kurɓa cikinmu ya zauna. Ya kuwa zauna. Daga ranar ba a sake binne kowa a unguwarmu ba tare da koriyarta ba. Matana biyu, Sanna da Mietjie, dukansu da koriyar nan aka fasa musu dutse.

Ranar Talatan nan ni na zama hannunta. Na fito da kujerarta bakin ƙofar baya, na durƙusa a cikin na'a-na'ar da ta sha ruwana shekara talatin da ɗaya ta yi ƙiba har gwiwa.

"A hankali! Ba tunkiya kake askewa ba."

"Na aske tunkiya ɗari da ashirin a yini guda, Trooi."

"Shi ya sa duk suka tsane ka. Yanke sama-sama, tsawon yatsa. Kar ka murje ganyen, in ka murje zai yi baƙi ya yi ɗaci irin halinka."

Na wanke, na shanya a kan rigar matashi a inuwa, har ruwan ya tsane. Ta sa na jawo wata ƙatuwar kwalba mai faɗin baki na cika ta da ganye ba dannawa. Sannan ta ciro mabuɗi daga wuyanta ta nuna mini kabad. A ciki akwai kwalabe biyu na witblits, farar barasar inabin nan da manoma ke dafawa, wadda in ta zuba a tebur sai ta ci fenti. Na tuttula har ta rufe ganyen. Ta ba ni wani tsohon baƙin siket ta ce in naɗe kwalbar, in tura ta can ƙarƙashin gadonta inda haske ba ya kai wa. Kwana uku, ba huɗu ba.

Ina durƙushe a gindin gadon na ce, "Ba wanda ke kwance a layin nan. Wannan ta wa ce?"

"Kar ka mai da kanka jaki, ka riga ka yi kama da shi. Mutum nawa za su haƙa?"

Na ci gaba da gyara bakin siket ɗin.

"Na ce mutum nawa?"

"Shida. In Klaas bayansa ya bar shi."

"Za ta isa. Na shayar da na kowa, Faans. Ba za a fasa mini nawa dutsen da ruwan shayi ba."

Nas ta zo da la'asar, ta matsa ƙafafun da yatsa ramin ya ƙi cikowa, ta saurari ƙirjin, ta ce zuciya ce ta gaji, a tafi babban asibiti. Trooi ta ce ita ba inda za ta. Nas ta jawo ni waje tana rage murya, tana ce mini Oom, wato kawu, wai, "Oom, ka san jikin nan ya yi nisa?" Ni take gaya wa! Na ce yarinya, tun bakwai na safe na sani, ke kina ina? Ita ce ta buga wa Elroy, ɗan Trooi, waya.

Ranar Juma'a muka tace. Da muka warware siket ɗin sai da na ja baya. Kore ne irin wanda ba ka gani a garin nan sai bayan ruwan sama, kore mai haske, ka ɗaga kwalbar ka hango yatsunka ta ciki. Muka tace da farin ƙyalle sau biyu. Na narka sukari a ruwa a kan wuta, na ɗauko tukunyar zan juye, sai ta daka mini tsawa da ɗan numfashin da ya rage mata.

"Ajiye! Sai ya huce. Sa ɗan yatsanka, in ka ji ɗumi ko kaɗan, jira."

"Awa nawa zan zauna ina gadin ruwan sukari?"

"Kana da wani aikin ne? Mata biyu ka binne, ba mai jiran ka."

Muka zauna muna kallon tukunya tana hucewa. Ba mu taɓa zama haka ba, ni da ita. Da ya yi sanyi na haɗa, na rufe, na naɗe, na mayar ƙarƙashin gado. Ta ce giyar na son mako biyu a kwance. Ta dube ni ta ce, "Zan yi ƙoƙari in jira ta."

Laraba ta sama Elroy ya iso, cikin farar mota, da Littafi Mai Tsarki a gaban gilashi yadda kowa zai gani. Mutum ne ɗan arba'in da wani abu, ya yi tumbi, mai wa'azi ne a wata coci can birni. Na san shi tun yana yawo da majina. Ya miƙo mini hannu kamar yana ba ni sadaka.

"Mun gode, Oom Faans. Yanzu na zo, Oom zai iya hutawa."

In huta! Wa ya juya mata ruwa? Wa ya ɗumama mata miya, wa ya fitar da bokiti safe da yamma kwana takwas? Na haɗiye, na koma gidana.

Washegari da hantsi ina cire ciyawa a kabewata sai ƙanshi ya buge ni. Ba ƙanshin ganye ba. Na san shi. Na ɗago, sai ga Elroy tsaye a bakin magudana a gaban gidan uwarsa, ya naɗe hannun riga, ya kifa kwalbar da hannu biyu. Baƙin siket ɗin na yashe a ƙasa. Koriyar na kwarara cikin busasshiyar magudana, tana bin siminti, tana tsayawa a tsagogi, ƙasa na shanyewa.

Ban san lokacin da na isa gabansa ba.

"Kai! Kai ɗan banza! Me ka yi?"

"Shara nake a ƙarƙashin gado na same ta, Oom." Ko girgiza muryarsa ba ta yi ba. Ya jijjige ɗigon ƙarshe, ya dubi tagar uwarsa da yake kira Ma. "Ma na shirin tsayawa gaban Ubangiji. Ba za ta tafi tana kwance a kan barasa ba."

"Ta masu haƙa ce! Tata ce, ta kabarinta! Da ƙafafunta a kumbure ta zauna ta yi ta!"

"Masu haƙa za su sha shayi."

"Shayi! Ka taɓa fasa farin dutse? Ka taɓa riƙe abin da ya fi cokali nauyi? Lokacin da uwarka ke bin ramuka da kwalba kana goye a bayanta kana tsotsar yatsa!"

Na ɗaga hannu, na rantse na ɗaga. Da shekara goma baya ne da yau haƙoransa na roba ne. Maƙwabta sun fito ƙofa-ƙofa. Elroy ya ajiye kwalbar a hankali ya matso har ina jin numfashinsa.

"Oom ya tuna inda aka tsinci Pa?"

Na tuna. Ubansa Jafta, mijin Trooi, yakan tafi tsinkar inabi gonakin ƙasa duk kaka, inda ake ba ma'aikata giya a gwangwani safe da rana da yamma a matsayin rabin lada. Ya tafi mutum, shekara bayan shekara ya riƙa dawowa saura.

"A magudanar nan," in ji Elroy. "Nan inda Oom ke tsaye. Fuska a ƙasa, cikin ruwan da bai kai idon sawu ba. Ni na juya shi. Oom ya san warin da bakinsa ke yi? To ni har yau ina jin sa. Kore ko fara ko ja, duk uwarsu ɗaya."

Na sauke hannuna. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, har gobe. Ni da bakina bai taɓa mutuwa a gaban Baturen gona ko ɗan sanda ba, na tsaya kamar an ɗaure mini harshe. Shi kuwa ya zagaya baya ya ɗauki shebur, ya bi na'a-na'ar nan ya tumɓuke ta tas, ya loda a baro ya kai juji. Da ya gama sai ya shige mota ya rufe ƙofa ya zauna.

Na shiga wajenta. Ba sai na faɗa ba, taga a buɗe take, ɗakin duk ƙanshi. Tana kwance an tara mata matasai uku, ido a rufi.

"Ta yi ƙanshi kuwa," ta ce. "Da ta yi kyau bana."

"Bari in je in fasa masa gilashin mota."

"Zauna, tsohon jaki." Ta yi tari mai tsawo. "Ƙyale shi. Shi ya juya ubansa, ba kai ba."

"To shi ke nan? Shekara arba'in da wani abu kina shayar da na kowa, naki a fasa da shayi?"

Ta juya fuska bango. "A sa sukari da yawa," ta ce.

Ita ma na ji haushinta. Matar da ta yi fito-na-fito da ni a kan minti goma har gaban kwamiti, yau an zubar mata da abu mafi girma ta ce a sa sukari. Na fita ban yi mata sallama ba. Ranar Asabar na dawo da miya, ba ta iya sha ba. Lahadi da azahar, mutane na dawowa daga coci, Elroy na riƙe da hannunta na dama yana karatu, ni ina tsaye a bakin ƙofa don ba a ba ni kujera ba, ta buɗe ido ta neme ni.

"Faans. Talata."

"Na ji."

"Kar ka yi mini rowa."

Elroy ya ɗauka ruɗewa ce. Ta ja numfashi biyu, na uku bai zo ba.

Aka sa jana'iza Asabar, haƙa kuwa Juma'a da safe. Kwana huɗu ke nan a hannuna, abin da ke son mako biyu da kwana uku.

Akwai abin da Elroy bai sani ba. Na'a-na'a ba ta san katanga ba. Shekara da shekaru tana rarrafowa ta ƙarƙashin wayar nan tana fitowa a gefen kabewata, ni kuma ina tumɓukewa ina jefa wa Trooi ta sama ina cewa ta kwashe 'ya'yanta. Bana ban samu sukunin cirewa ba. Litinin da safe na durƙusa na yanke, tsawon yatsa, ban murje ba. Barasa kuwa ina da kwalba guda ta witblits da na ɓoye shekara goma sha ɗaya a cikin takalmin ruwa, tun ranar da kububuwa ta sare ni a agara na ɗaure da igiyar wando na taka mil shida zuwa titi. Na ce ta ranar wani saran ce. Na buɗe ta.

A nan na yi kuskuren, kuma zan faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini. Mu mutanen daji duk abin da muke so ya yi sauri rana muke ba wa. Fata, nama, ganyen magani a barasa, a ɗora a kwano rana ta yi aikinta. Na ce duhun kwana uku na mai lokaci ne. Na ɗora kwalbar a kan rufin kwanon ɗakin kajina, ba siket ba komai, cikin zafin Janairu. Laraba da na sauko da ita, koren ya tafi. Na dafa sukari, na sa yatsa ya ƙone ni, na ce oho, lokaci ba ya jira, na juye da zafinsa. Abin da ya fito ruwan ƙasa ne, kamar magudana bayan garke ya tsallaka. Na ɗanɗana da bayan cokali. Sai da idona ya kawo ruwa. Na zagi kwalbar, na zagi rana, na zagi Elroy da kakanninsa na wajen uba, na leƙa ta katanga na zagi kujerarta da ke nan bakin ƙofa ba kowa. Sannan na zuba a kwalba na toshe.

Juma'a rana na fitowa muna maƙabarta, mu shida, a gefen Jafta. Klaas Skilpad ya zo da bayansa a ɗaure da tawul, Boeta Tienie ya zo da digarsa ta gado, sauran ukun 'yan layin ƙasa ne da duk ta shayar a kan iyayensu. Ni na fara sara, ba na ba kowa wannan. Wajen tara muka kai ƙugu. Digar Tienie ta yi ƙara, ta yi tsalle, farin gari ya tashi. Kowa ya tsaya. Duk sai da suka waiga hanyar ƙofa, inda takan ɓullo da kwandonta.

Wanda ya ɓullo Elroy ne, cikin baƙar kwat, da butar shayi da kofuna a leda.

Na fito daga ramin, na zaro kwalbata daga aljihun jaket, na zaro ƙaramin kofin Trooi da na ɗauke daga kicin ɗinta ranar Lahadi. Eh, ɗaukewa na yi. Ya kai ni ƙara.

"Oom Faans," ya ce, "ba a kan kabarin Ma ba."

"Matsa."

"Na ce ba a kan kabarin mahaifiyata ba!"

Klaas ya dogara da shebur ya ce, "Elroy, ɗana, ka daɗe a birni. A bakin rami wanda bai riƙe diga ba ba shi da baki. Haka muka tarar. Ka ajiye shayin mun gode, ka je ka zaɓi waƙoƙi."

Na zaci zai juya. Ya tsaya yana kallon ramin, yana kallon sunan ubansa a gicciyen gefe. Sai ya ajiye butar, ya tuɓe kwat ya rataye a gicciyen, ya cire taye, ya karɓi diga a hannun Tienie ya dira ciki da takalmin coci.

Bai iya ba. Yana sara diga na dawo masa, yana sara tana gocewa. Tienie ya ce, "Kar ka yi faɗa da shi, nemi tsaga." Bai saurara ba. Ya yi ta dukan dutsen nan kamar dutsen ne ya yi masa laifi, rigarsa ta manne, tumbinsa na rawa, wani sauti na fita daga maƙoshinsa duk sara. Mun bar shi. Ya fi rabin awa. Da dutsen ya tsage, ƙotar digar ta yi ja. Muka jawo shi sama, tafukansa sun yi bororo sun fashe.

Na cika kofi na ba Klaas. Ya kurɓa ya runtse ido.

"Oom Faans, wannan maganin tsutsar tumaki ne ko?"

"Sha ka ba ni kofi."

Tienie ya shanye nasa ya yi ta bubbuga ƙirji. "Da Antie na nan da ta kai ka kwamiti." Aka yi dariya, irin wadda ba ta nisa. Kowa ya sha nasa, ɗaya-ɗaya, ba wanda ya rage ɗigo. Na sha nawa. Sannan na sake cikawa na miƙa wa Elroy, don ya riƙe diga, kuma ƙa'ida ƙa'ida ce ko a kan wanda ka tsana.

Ya karɓa da yatsu biyu. Ya duba ciki, ya kai hanci.

"Wannan ba ta Ma ba ce," ya ce. "Ta Ma kore ce. In ta ɗaga ta a taga, har bango ya kan yi kore."

"Tata tana magudana," na ce. "Kai ka kai ta."

Bai sha ba. Ya karkata kofin ya zuba a tafin hannunsa na hagu, ya shafa a na dama, cikin fasassun bororon nan. Witblits ce, ku da kuka san ta kun san abin da ya ji. Ya durƙusa a kan tudun ƙasa ya matse hannuwan a tsakanin cinyoyinsa, hawaye na zuba ta haɓarsa. Klaas ya ce, "Da zafi, ai dole," ya juya masa baya, mu ma muka juya, muka koma rami.

Kar wani ya ce na yafe masa. Ban yafe ba. Ranar Asabar fasto ya tsaya ya ce marigayiya mace ce mai shiru-shiru mai haƙuri da maƙwabta, jama'a na amin, ni kuwa na tofa yawu a gefe. Ba wanda ya ambaci kwalba. Duk waɗanda ta shayar a kan matattunsu suna zaune da huluna a gwiwa, ba wanda ya tashi ya ce kanzil. Elroy ya kulle gidan ranar Litinin ya tafi da hannuwa a naɗe da bandeji. Ya tsaya a ƙofata kamar zai yi magana, na ci gaba da ba kajina hatsi.

Yanzu wata biyu ke nan. Wasu a layin nan na cewa tsufa ya fara taɓa ni, wai ƙarya nake, ba ruwan da ke gaya wa mutum mutuwa, wai nas ce ta fara sani. To duk mai shakka ya zo ranar Talata. Ya zo da agogonsa, ba na son a ce nawa ke gudu. Ƙarfe bakwai zai ga na tsallake waya na juya ƙarfen gidan da ba kowa. Ya tsaya a ƙofar ruwana ya ƙirga, in ya ga ɗigo ɗaya ya iso kafin takwas da minti goma, ya kira ni maƙaryaci a gaban kowa. In ya gama ya zagayo baya ya durƙusa, in gwiwarsa za ta iya irin tawa, ya dubi inda shebur ya bi. 'Ya'yan na'a-na'ar sun fito ko'ina, ƙanana kamar kunnen ɓera, har ƙarƙashin ƙafar kujerarta.